In Sun Dawo, Kada Ku Biyo Mu

Jiya da hantsi muna ɓoye cikin gonar dawa a Ruma, baburan 'yan bindiga na wucewa, sai ɗiyata Hauwa ta toshe kunnuwa ta fasa ihu.

Shekararta shida. Likita ya ce galahanga ce, wata lalura ta ƙwaƙwalwa, ƙara na sukar kunnenta kamar allura.

Na danne mata baki da mayafina har ta cije ni. Allah ya tsare, ba su ji ba.

Da muka fito, maƙwabciyata Inna Lami ta riƙe hannuna tana hawaye.

"Maman Hauwa, ki yi haƙuri. In sun dawo, kada ku biyo mu."

"To ina za mu, Inna?"

Ta saki hannuna. Ban ga laifinta ba, jikoki gare ta.

Jama'a, ku faɗa mini, ina zan ɓoye yarinyar nan?