Matar da Ta Damƙa wa Direba Makulli

Kafin mai shara ya gama da baranda, Anti Shugaba ta riga ta zagaye asibitin gwamnatin nan, daga ɗakin haihuwa har gareji. Ita ce jami'ar gudanarwa. Ba ta allura, ba ta awo. Aikinta ta san wa ke ƙarƙashin wa, wa kuma ke da ikon cewa "a yi". Jibi za ta yi ritaya, ni kuwa bakina ya ƙi yin shiru!

Ta karanci ilimin tafiyar da ma'aikatu sosai. Takan ce malamansa sun rabu biyu: masu cewa umarni daga sama yake saukowa hawa-hawa, da masu cewa a bar na kusa da matsala ya yanke shawara. Ta bi na biyun, ta gwada a kan motar ɗaukar marasa lafiya. A da makullin motar a aljihun darakta yake kwana. In ya shiga taro, sai ciwo ma ya jira a tashi. Ta yi ta lallaɓa shi har ya ba ta ajiya, ita kuma ta damƙa wa direba.

"Malam Direba, in ungozoma ta ce a tafi, ka tafi," in ji ta. "Izini ka nema bayan ka dawo."

Ana nan sai jini ya ɓalle wa wata mai naƙuda, darakta na taro, wayarsa a kashe. Ungozoma ta ce a tafi, direba ya fizgi mota sai babban asibiti. Darakta ya dawo ya tarar da gareji wayam, ya hau faɗa, ya ce direba ya tattara kayansa. Ga shi kuwa bawan Allah direban yana da yara a makaranta.

Sai Anti ta taka har gaban tebur. "Ranka ya daɗe, ni na ba shi iko, laifin nawa ne. In kora ce, ga ni."

Mai naƙudar ta rayu, direba ya tsira da aikinsa. Anti kuwa ƙarin girma ya tsallake ta, ya sake tsallake ta, ba ta taɓa tada maganar ba.

Ke ce shugabar da ke raba iko ta riƙe laifi, Anti! Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu kujera, ku fito da makulli daga aljihunku, na ƙasa da ku ma suna da hankali.

Jiya direba ya wanke motar tas, ya rantse shi zai kai ta gida ranar sallama. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"In ka tafi da ni, ungozoma ta kira wa? Zauna bakin aikinka, ɗan'uwa. Zan hau haya."