Gashina a Tsagar Bango

Kakata ce take yi mini kitso a Daudawa. Ranar tsifa sai ta jiƙa karkashi ta wanke mini kai, ta murza man shanu a tafin hannu ta bi tsaga tana shafawa. Gashina tauri gare shi, har mataji yake karyawa, ni kuwa ga raki. Abin da ya zube takan dunƙule ta cusa a tsagar bangon ɗakinta, wai kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi in kamu da ciwon kai.

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo, yayata ta zo daga Kaduna da matajin ƙarfe da ake ɗorawa a garwashi. Na miƙa kai. Gashi ya kwanta luf, gida ya ɗauki ƙauri. Kaka ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, akuya kuke babbaka?"

Daga ƙarfe muka koma man kanti mai miƙar da gashi, shi ya cinye mini gaban goshi. Yanzu na bari, ina lallaɓa ɗan abin da ya saura. Karkashi akwai, man shanu akwai, amma wa zai zaunar da ni tsakanin gwiwoyinsa?

Bayan rasuwar Kaka damina ta kayar da bangon ɗakinta. Cikin ɓaraguzai na tsinci dunƙulen gashina, baƙi wuluk, ko tsuntsu ɗaya bai taɓa ba.