Ƙusar da na kafa a bangon ofis

A shekarun da man fetur ya yi daraja, har ofishinmu na Wudil sai da aka cika shi da kwamfutoci. Ni aikina karanta wasiƙun da manoma ke aikowa da ajami, in mayar da su boko. Kowace kwamfuta an ja mata waya zuwa wani akwati mai ramuka a jere, ana ce masa suwic.

Kwamfutar kowa lafiya lau, ban da ta mai buga mana takardu, wani bawan Allah mutumin Darki. In ya tura takarda ta wayar sai ta yi ta jan ƙafa, wani lokaci ta ƙi isa. Shugabanmu ya ce shi ya lalata ta, kuma in aka tabbatar, bakin aikinsa ke nan.

Aka kira injiniya daga Kano, sai ga mace. Ba ta ko taɓa kwamfutarsa ba. Ta zauna gaban akwatin, ta jona tata, can ta ce rami na bakwai, inda wayarsa ta shiga, yana ta ƙirga kurakurai.

Na ce, "Wane irin kuskure, 'yata?"

Ta ce, "Baba, saƙo gutsure-gutsure yake tafiya, kowanne da shaidarsa a ƙarshe. In shaida ba ta dace ba, a yar, a sake aikowa."

Nan take na gane. Haka muke sa kalma a ƙasan warƙa, wato takardar littafin ajami, don a san wadda ke binta.

Ta mayar da wayarsa wani rami, kurakuran suka bi ta. Ta kawo sabuwar waya ta jona masa, shiru, ko ɗaya babu. Sai ta miƙe tana shafa tsohuwar a jikin bango, a hankali, har yatsanta ya tsaya kan wata ƙusa.

Na san ƙusar nan. Ni na ɗage wayar daga ƙasa don ta ratsa inda muke salla, na lanƙwasa ƙusa a kanta da guduma.

Ta ce, "Nan ta ji ciwo." Ba ta tambayi wanda ya yi ba, ko kallon kowa ba ta yi ba.

Na dubi mutumin Darki, na juya ga shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Mutumin Darki ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Haba Malam! Da ka tsaya a alƙalaminka, wa ya aike ka da guduma?"

A kujerar aikinsa ya zauna har Allah ya kai shi ritaya.