Kunnen Baba Sunday

Shekara talatin da huɗu ke nan Baba Sunday yana kula da injinan casar shinkafa na Alhaji Falalu, a bakin hanyar Roni in an bar Kazaure. Ya zo daga Zonkwa a watan Nuwamba na 1990, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar makarantar koyon sana'a, aka ba shi ciki da falo a bayan masana'antar. A nan ya kawo matarsa Veronica, a nan suka raini 'ya'ya huɗu har suka watse, mangwaron da ya dasa a ƙofar ɗakin kuwa tuni ya wuce rufin sito. Can gida ƙannensa sun raba gonar gado. In ya bar wannan ɗaki, bai san inda zai ajiye akwatinsa ba.

Sana'arsa kunne ce. Kullum bakwai saura kwata zai ɗauki doguwar sukundireba, ya ɗora tsininta a kan boris, inda sandar inji ke juyawa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Daga nan yake sanin wane inji ke son giris, wane bel ne zai tsinke kafin Juma'a. Sai ya koma ya rubuta a littafi mai kauri, wanda ya ja wa layi da rula: kwanan wata, sunan inji, zafinsa, irin ƙararsa, da abin da aka yi masa. Rubutu ne tsaf irin na 'yan makarantar da, babu gogewa, babu ƙazanta. Littattafan sun kai sittin da ɗaya. Manoman Gwiwa masu kawo shanshera suna kiransa likitan ƙarfe, Alhaji Falalu kuwa yakan ce gara janareto ya mutu da a ce Sunday na mura.

Damina uku da suka wuce kunnen hagu ya ɗauke. Na dama ya biyo baya a hankali, ya bar masa wani kuka kamar na ƙudan zuma. Veronica kaɗai ta sani. Ya koyi kallon bakin mai magana, ya koyi gyaɗa kai da murmushi. Zafin inji yana jinsa da tafin hannu, girgiza kuma yana kama ta in ya kara sukundirebar a ƙashin muƙamuƙi. Amma layin ƙara a littafi ba shi da abin cike shi. Ran farko ya bar shi fari, sai farin ya tsone masa ido. Washegari ya jawo littafin shekara goma baya, ya buɗe wannan watan, ya kwafe abin da kunnensa ya ji a lokacin. Ya ce na mako ɗaya ne, kafin ya ga likita. Makon ya zama shekara uku. Dattijo ne a coci, abin yana cinsa, amma kowace safiya sai ya kwafa.

Da ƙafafun Alhaji suka gaji, sai ya miƙa masana'antar ga 'yarsa Halima Sa'adiyya, wadda ta karanta aikin injiniya. Ita ta samo wani tallafi na zamanantar da ƙananan masana'antu, wanda abu ɗaya kacal zai iya saya. Mutane kashi biyu suka zo daga Kano. Na farko sun kawo wasu na'urori kamar kwalin ashana, da za a manna a jikin kowane inji, su riƙa aika zafinsa da girgizarsa zuwa kwamfuta da waya. Na biyu sun kawo manhaja mai nazarin bayanai. Shugabansu ya shafa littattafan Baba kamar ya tsinci zinariya, ya ce irin wannan tarihi ko manyan kamfanoni ba su da shi. In aka loda shi, manhajar za ta faɗi ranar da kowane inji zai lalace. Ya ƙara da cewa ko layi ɗaya aka maimaita cikin shekara talatin, sai ta zaƙulo shi.

Halima Sa'adiyya ta ce babu wanda ya san injinan kamar Baba, don haka shi zai zaɓa, ta ba shi zuwa Alhamis.

Lauwali direban babbar mota ya tare shi a bakin sito yana dariya. "Baba, ashe an haifa maka magaji a kwalin ashana? Ba ci, ba sha, ba zuwa coci ran Lahadi."

Baba ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Rabin maganar kawai ya kama, amma ta isa.

Kwana huɗu yana juya abin. In ya zaɓi na'urorin, ya sa hannu ke nan cewa ba a bukatar kunnensa, kuma wanda ba a bukata ba ya zama a ɗakin masana'anta. In ya zaɓi manhajar, littattafansa za su tona shi a gaban baƙi, ko kuma, abin da ya fi muni, a gina lissafi a kan ƙaryarsa, inji ya tarwatse da mutum a kusa. Veronica ta ce ya je ya faɗi gaskiya, ai yarinyar da ya riƙa goyo a keke zuwa firamare ba za ta wulaƙanta shi ba. Ya ce ai saboda keken nan ne bakinsa ya yi nauyi.

Ran Alhamis da hantsi ya sa farar rigarsa, ya ɗauki littafi biyu, ya shiga ofis. Ya buɗe Maris na 2013 da Maris na 2023, ya jera su a gaban Halima Sa'adiyya, ya ɗora yatsa a layin ƙara. Ta bi layin daga sama har ƙasa. Ta yi magana kanta a sunkuye, bai ji komai ba.

"Uwar ɗakina, ɗago ki dube ni. Sai na ga bakinki."

Ta ɗago. "Baba, tun bara na san kunnen. Sau nawa nake gaishe ka ta baya, kana tafiyarka? Littafin ne ban sani ba."

Ya ce a ɗauki na'urorin. Littattafai shida na ƙarshe kuwa a ware su, kada kowa ya dogara da su. Ya tambaya ko za a ba shi da Veronica zuwa bayan Kirsimeti su kwashe kayansu daga ɗakin. Ta ce babu inda za shi, ɗakin nasa ne. Amma ta kafa sharaɗi ɗaya, kuma ba ta sassauta ba: mutumin da ba ya jin ihun gargaɗi ba zai sake tsayawa kusa da bel mai gudu ba.

Yanzu bakwai saura kwata tana samunsa a kujera, cikin ofis mai sanyi, da gilashi tsakaninsa da injinan. A gabansa allon kwamfuta ne da ɗigo tara, kowane inji da nasa. In ɗaya ya bar kore ya koma ja, sai ya danna ƙararrawa, wasu su je su duba. Aikin ke nan, kuma yana yinsa daidai, bai taɓa makara ba. Mutane suna cewa Baba ya huta, yana amsa musu da godiya. Sukundirebar tana cikin durowa, ya naɗe ta a tsumma mai mai. In ofis ya yi shiru, yakan miƙa hannu ya dafa bango, ya daɗe a haka, yana rarrabe girgizar inji na uku daga ta huɗu.