Man Kaɗe a Cikin Libarba

A cikin shekarun da na yi ina duba makamai, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da aka kawo mini libarbar Alhaji Isiyaka. A ƙarshen shekarun 1980 ne, da damina, ina sajan mai kula da ɗakin makamai a barikin 'yan sanda na Yendi. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku matso kusa, don na ga yadda wasunku suke duba bindiga: a juya ta sau ɗaya, a ce tana da kyau, a miƙa wa mai ita. Wannan ai gaisuwa kuka yi mata.

Bari in fara da yadda ake yi, saboda waɗanda ba su san aikin ba. Idan mutum yana da bindiga da lasisi, yana so ya sayar wa wani, ba a gama cinikin a zaure kamar na akuya. Mai saye zai fara samun izini, sannan su zo su biyu da bindigar wurina. Ni zan duba in faɗi ko lafiyarta ƙalau, sannan sufeto, wanda yake sama da ni, ya sa hannu a sauya suna. Libarba kuwa ƙaramar bindigar hannu ce mai 'yar ganga a tsakiya. Gangar tana da ramuka shida, kowane rami harsashi ɗaya. In ka ja kunama, gangar za ta juya ta kawo rami daidai bakin bututu, ta tsaya cak, sannan guduma ta sari gindin harsashi. Duk maganar tana wurin tsayawar nan. In ramin bai daidaita da bututu ba, ko dai ta ƙi tashi, ko ta tashi ta watsa wa mai riƙe da ita ɓarɓashin dalma a hannu da fuska.

Alhaji Isiyaka tsohon falken shanu ne na Salaga, abokin mahaifina, ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya yi shekaru yana sayen shanu a Bawku, ya gangaro da su ta Gambaga da Yendi har gida, libarbar nan tana cikin aljihun babbar rigarsa. Da gwiwa ta hana shi tafiya, sai mijin 'yarsa Habiba ya gaji hanyar, wani mutumin Bawku mai suna Fuseni. Shi ne mai sayen. Alhaji ya ce makami ba a kyautarsa, sai mutum ya biya ko da abu kaɗan ne, don abin da ka biya shi kake kula da shi.

Kafin mu shiga, Fuseni ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya da Hausarsa ta zango. Ya ce, "Sajan, don Allah ka duba shi da kyau. Bindigan na baba ne, ni ba na iya tambaya. In ya ce yana da kyau, shi ke nan, yana da kyau. Amma ni ne zan bi hanya da shi." Na gane shi sarai. Suruki ba ya ɗaga ido ya kalli surukinsa, balle ya ce masa a gwada. Ko sanda Alhaji ya ba shi ya ce bindiga ce, hannu biyu zai sa ya karɓa ya yi godiya. Sufeto kuma ya leƙo ya ce mini, "Sajan, Alhaji baƙona ne, kada ka zaunar da shi har azahar." Na ƙame na ce to.

Alhaji ya warware wani farin ƙyalle a kan tebur. Gaskiya na ga abu mai kyau, baƙa wuluk tana sheƙi, ko ɗigon tsatsa babu. Abu na farko, na buɗe ganga na tabbatar ba harsashi, na duba kowane rami da ido, na sake bi da yatsa. Wanda ya tsallake wannan a gabana, ranar zai san halina. Na gwada lambar jikinta da ta lasisi, sun dace. Na sa farar takarda a gindin bututu na leƙa ta wajen haske, ciki sumul, ba kumburi, ba rami. Sannan na ja guduma baya da babban yatsa, na kama gangar na girgiza ta, hagu da dama, gaba da baya. Ko motsi.

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko, Mumuni? Kamar yau aka ƙera ta."

Ni kuwa nan hankalina ya ƙi kwanciya. Bindigar da ta sha hanya shekara da shekaru dole a ji ɗan wasa a gangarta, ko yaya ne. Wannan ba ta da shi ko kaɗan, ga guduma tana tafiya da nauyi kamar mai taka laka. Na kai hannu zan share gumi, sai na ji wani ƙamshi a yatsuna, wanda kowa ya sani a gidan da aka yi haihuwa.

Na ce, "Baba, da me ake shafa mata?"

Ya ce, "Man kaɗe mana. Na gida, wanda Hajiya take yi da hannunta. Kowace Juma'a kafin masallaci nakan narkar da shi a cokali, in ɗiga mata a kowace kafa. Baƙin man nan naku na inji wari gare shi, ɓata riga yake yi."

Ku dai kun san man kaɗe. Da zafi ruwa ne, in ya huce ya daskare. To ku ɗauka an yi shekaru ana ɗura shi cikin ƙarfe, yana haɗuwa da ƙura da zaren aljihu. Ya zama ƙullu, ya cike duk wurin da ƙarfe ya cinye. Safiyar kuma an yi ruwa, ɗakin makamai da sanyi. Na roƙi Alhaji ya yi haƙuri, na shimfiɗa tsohuwar jarida a bakin taga inda rana ta fara fitowa, na ɗora libarbar. Ba a jima ba mai ya fara zane a jikin jaridar. Na zuba kananzir a kwano, na kwance abin da ya kamata a kwance, na wanke da tsohon buroshin haƙori. Abin da ya fito, kananzir ɗin sai da ya koma kamar ruwan kwata.

Da na haɗa ta na sake girgiza gangar, ƙarar da ta yi har Fuseni da yake tsaye a bakin ƙofa ya ji. Na ja guduma a hankali, rami bayan rami, a wasu gangar ba ta ma kai wurin tsayawarta ba.

Na ce, "Baba, wannan ba za ta bi hanya ba. Ba zan iya cewa lafiyarta ƙalau ba."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Lafiya lau ta shigo ɗakin nan. Kai ka lalata mini ita da kananzir ɗinka. Ashe haka mahaifinka Malam Garba ya koya maka, ka tozarta babba a gaban surukinsa?"

Wallahi raina ya ɓaci. Da wani ne ya ce na lalata masa bindiga, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma abokin uba ne, na haɗiye. Na dubi Fuseni, ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa, na tabbata ko yanzu Alhaji ya ce ɗauki mu tafi, ɗauka zai yi. Sufeto ya ji hayaniya ya shigo, ya tambaye ni me na gani, na faɗa masa a taƙaice. Ya ce, "Abin da ka rubuta shi zan sa wa hannu. Amma ka nuna wa Alhaji ya gani da idonsa."

A ƙa'ida gwajin harbi shi ne na ƙarshe, kuma bindigar da ba ka yarda da ita ba, ba ka riƙe ta a hannu. Muka zagaya bayan bariki inda muke da tudun ƙasa. Na ɗaure ta tamau a jikin turke, bakinta yana kallon tudun. Na sa sababbin harsasai daga ɗakina, don kada a ce na Alhaji ne suka tsufa. Na ɗaura doguwar igiya a kunama, muka koma bayan katanga, na ja. Ƙas. Na sake ja. Ƙas. Na dakata sosai, don harsashin da ya ƙi tashi yana iya tashi daga baya, sannan na je na fito da su na zuba wa Alhaji a tafin hannu. Na nuna masa tsakiyar gindin harsashi, inda guduma ya kamata ta sara. Tabon yana can gefe.

Ya daɗe yana kallon su. Sai ya nemi benci ya zauna, ya ce, "Na taɓa ganin wannan tabon."

Ya ce wata shekara motar shanunsu ta lalace gaba da Gambaga, da yamma, direba ya tafi neman makaniki, shi kaɗai ya rage. Mutum biyu suka fito daga daji da adduna. Ya zaro libarba ya ja, ta ƙi, ya sake ja, ta ƙi. Su kuwa ganin bakin bindiga kawai ya sa suka juya da gudu. Ya ce, "Na ce maganin bindiga gare su. Haka na faɗa a Salaga, kowa ya yarda, har addu'a aka yi mini. Da na buɗe ta washegari na ga tabo a gefe, na ce aikin maganin ne ya kautar da ita." Ya juya harsashin da yatsa. "Ashe ƙarfe kawai nake ɗauka a aljihu. Kuma shi na naɗo a ƙyalle zan ba mijin Habiba."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, fushin ya tafi. Ya ɗago ya kira Fuseni, Fuseni ya zo ya durƙusa. Ya ce masa, "Daga yau kada ka ƙara tashi da mota kai kaɗai. Ka jira 'yan'uwanka fatake ku tashi tare, da rana. In kana son bindiga, ka nemo wata ka kawo wa Mumuni, abin da ya ce shi ne." Sannan ya miƙo mini farin ƙyallen ya ce in naɗe libarbar in ajiye inda ba wanda zai sake dogara da ita. Na rubuta rahoto, sufeto ya soke lasisin, libarbar ta shiga cikin makaman da za a lalata.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Macuci ba shi da wuyar kamawa, bakinsa ne yake tona shi, ga gaggawa. Wanda zai ba ku wahala shi ne mutumin kirki da yake son bindigarsa, yana gaya muku gaskiya iyakar saninsa, ga mai saye da kunya ta ɗaure masa baki. A mutanenmu wannan shi ya fi yawa. Tambayar da mai saye ya kasa yi, ku aka ajiye a ɗakin nan ku yi ta a madadinsa, ko da mai bindigar ya goya ku. Kada ku yanke hukunci a kan bindiga sai kun wanke ta kun ga ƙarfenta tsirara. Ranar nan Alhaji Isiyaka ya fita bai yi mini sallama ba, kuma ya daɗe kafin ya sake amsa gaisuwata da sakin fuska. Fuseni kuwa ya ci gaba da bin hanyarsa, da yatsunsa goma da idanunsa biyu.