Kwanon Marlys Ya Dawo Wayam

A garin nan namu na arewacin jihar Minnesota ta Amurka, ba ka isa ka kwanta ciwo Marlys Tvedt ba ta riga likita zuwa ba. Da ta ji an ce wane ba lafiya, sai fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Nan da nan ta gasa dankali da niƙaƙƙen nama a kwanon tangaran mai sunanta manne a gindi, sai gidan majiyyaci. Ko ya ci ko bai ci ba, ba ruwanta. Ita dai ranar Lahadi a coci a ce, "Kai, Marlys, ke kam akwai zuciya." A nan ba a mayar da kwano wayam, ko biskit ne sai an saka, kuma Marlys ba ta manta wanda ya saka kaɗan.

Da sankarar mama ta kama ƙanwarta Joanne, kakar Marlys ta yanke saƙa. Ta sayi riga ruwan hoda, launin masu yaƙi da ciwon, hula ruwan hoda, har karenta sai da ta ɗaura wa ƙyalle. Aka yi wa Joanne tiyata, ta sha maganin nan mai zubar da gashi, aka ce ciwo ya tafi. Sai dai irin nata mai komowa ne, kuma tsoron haka ya hana ta sakat. Likitarta ta samo mata gurbi a wani gwaji a birni: sabuwar allurar rigakafi da ake fatan ta hana ciwon dawowa. Sharaɗin shi ne a fara kafin wa'adi ya cika bayan gama magani, nata kuwa ya zo gab. Ga hannunta a kumbure tun tiyata, ba ta iya tuƙi mai nisa.

"Ina raye wa zai kai ki?" in ji Marlys. "Ki ba su lambata ma, ke ki huta."

Ashe ranar allurar ta faɗo daidai da tattakin yaƙi da sankara da Marlys ke jagoranta duk Oktoba, ta kuma riga ta yi wa gari alkawarin Joanne zaune a bayan a-kori-kura da kambin furanni. Sai ta ɗaga waya ta kira asibitin birni ta ce a ɗage ranar allurar. Ma'aikaciyar ta yi mata maganar wa'adi, Marlys ta ce, "Haba, 'yar nan, mako guda ai ba mutuwa ba ne." Ta je ta ce wa Joanne asibiti ne suka canza rana.

Aka yi tattaki. Joanne na ɗaga wa jama'a hannunta mai lafiya, Marlys na riƙe da lasifika tana share hawaye tana cewa, "Wajibi ne mu mara wa masu bincike baya!" Aka tafa mata, ita kuwa ko kunya.

Da Joanne ta kira birni da kanta, aka ce wa'adinta ya wuce, an ba wata gurbin. Ta kira yayarta.

"Yaya, ke kika ɗage ranar?"

"To, Jo, an riga an yi wa mota kwalliya fa. Kuma ba ke kika ce rabin mutanen ruwan gishiri ake tsira musu maimakon maganin ba? Wa ya sani ko shi za ki samu?"

"Ko ruwan gishirin ne, Yaya, ai rabona ne," in ji Joanne, ta ajiye waya.

Marlys ta yi abin da ta iya. Ta gasa dankali ta ajiye mata a ƙofa. Washegari ta tarar da kwanon a bakin tata ƙofar, an wanke shi tas, babu komai a ciki. Ranta ya ɓaci sosai, har ta kasa karyawa. Ranar Lahadi ta tara matan coci.

"Wayam fa," ta ce. "Ko biskit. Bayan duk abin da na yi mata."