Ranar da Gaisuwa Ta Kusa Fitar da Ni Daga Fim

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na tsaya gaban kyamara da wata 'yar fim, Baturiyar Ingila, a gonata ta Tudun Kaya ba. Shekara da shekaru muna ganinta a talabijin, yau 'yar sanda, gobe alƙaliya. In ta zare wa mai laifi ido, ni da nake zaune a Karaye sai na gyara zama. To ita aka kawo don ɗaukar wani shiri a kan noman gyaɗa, kuma duk manoman yankin nan ni aka zaɓa. Kwana uku ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, har a ƙofar masallaci na sanar.

Aikina kaɗan ne: in tuge gyaɗa, in kakkaɓe ƙasa, in miƙa mata ita, bakina a rufe, don daga baya za a ɗora muryarta a kai. Aka ce a fara. Ta tako, na miƙa, sai kawai na ji bakina ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya, ya hanya? Ya gajiya?" Darakta ya daka tsawa, aka tsaya. Tafintanmu, wani malamin makaranta daga Rogo, ya ce, "Malam, shiru aka ce." Na ce, "Haba malam, baƙuwa tun daga Ingila har gonata, in miƙa mata abu ba gaisuwa? Me za a ce da ni a gari?"

Aka sake. Na cije leɓe, wallahi gaisuwar ta biyo ta hanci. Sau tara muna yi. Sai abokin wasana na Kafin Dafga ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo: "Ku ba ni gyaɗar nan, ni ko surukata ba na gaisarwa!" Aka kwashe da dariya, amma darakta bai yi ba. Tafinta ya matso ya ce, "In ka ƙara, shi za a sa."

Sai matar ta ɗaga hannu, ta zauna a kan kunya cikin ranar nan mai dafa ƙwai. Ta bakin tafinta ta ce da ta fara sana'ar, shekara huɗu ta yi a fim tana shigowa da farantin shayi ta ajiye ta fita, ba a ba ta ko kalma ɗaya ba, don haka ta san yadda magana take ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ta ce, "Gaishe ni yanzu, duka, kada ka rage komai."

Jama'a, na saki! Hanya, gajiya, sanyin Ingila, maigida, yara, har kyanwarta sai da na tambaya, ita kuwa tana ta "lafiya lau" yadda tafinta ya koya mata. Da na juye tas, aka kunna kyamara, na miƙa gyaɗa shiru kamar ban taɓa magana ba a duniya. Ɗauka ɗaya, darakta ya tafa!

Da shirin ya fito, hannuna ne kawai ya bayyana da rabin hulata, amma sai da na tara unguwa kallo. Na kuma koyi cewa gwani na gaske ba ya manta lokacin da yake koyo. Har yau in sabon ɗan ƙwadago ya yi mini ɓarna a gona, ba na daka masa tsawa. Zama nake yi in ji abin da ya gagare shi.